Gurbi a Tsakiyar Waƙar Shata

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, bayan mun kammala darasin ƙarshe na kwas ɗin waƙar baka, wata ɗaliba 'yar aji uku ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mun ji turke, mun ji salo, mun ji tarihin makaɗa. To, kai wace waƙa ka fi so?" Ajin ya fashe da dariya, ni ma na dara. Sai na ba ta amsa irin tamu ta malamai, na ce kowace waƙa da muhallinta, kuma manazarci ba ya fifita ɗa a kan ɗa. Ta sunkuya ta rubuta wannan amsa a littafinta, abin da ya fi ba ni kunya ke nan, domin na san zille wa tambayar na yi. Shekara 24 ina koyar da waƙa, amma ban taɓa gaya wa ɗalibaina cewa akwai waƙar da in ta riske ni ina tuƙi sai na gangara gefen hanya na tsaya ba.

Da na koma gida na jawo wata tsohuwar adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ita ce abin da na zaɓa daga cikin kayan mahaifina lokacin da aka raba gado, kuma ba wanda ya yi jayayya da ni a kanta. Kaset 63 ne a ciki. Na zazzage su a kan tabarma da niyyar in tsara wa ɗalibar nan jerin waƙoƙin da na fi so tun daga ƙuruciya zuwa yau. Ban yi nisa ba na lura da cewa duk waƙar da na ambata sai ta zo mini tare da wani ɗaki, da wata na'ura, da fuskokin waɗanda muka saurare ta da su. Wannan rubutu shi ne amsar da ta kamata in ba ta a ranar.

Shagon Baba

A Funtuwa aka haife ni a 1970. Mahaifina tela ne, yana da shago a bakin kasuwa, da keken ɗinki uku da yara masu koyon aiki. Rediyo ba ya mutuwa a shagon nan tun daga hantsi har almuru, kuma allurarsa ba ta cika barin tashar Kaduna ba. Lokacin shirin Zaɓi Sonka har maƙwabta sukan matso, a ji wa ya gai da wa, a kuma yi gardama a kan waƙar da za a saka. A 1975, da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata, Baba bai sami ko kwabo daga gwamnati ba, amma ya sami ɗinkin manyan riguna har ya rasa inda zai sa kansa. Da ribar wannan shekara ya sayi rikoda mai cin batir shida.

Ya kamata in yi wa matasan manazarta bayanin yadda kaset yake zuwa hannun mutum a wancan zamani, saboda abin ya shafi yadda muke kallon matani a yau. Akwai faifan garmaho da kamfanoni suka buga wa wasu makaɗa, amma irin su Baba ba ta nan suke samun waƙa ba. Mutum yakan sayi kaset wanda ba komai a kansa, mai minti 60 ko mai minti 90, ya kai wa mai ɗauka a kasuwa, ya lissafa masa abin da yake so. Shi kuma ya kwafo masa daga nasa kasusuwan, waɗanda wasu daga rediyo aka ɗauke su, wasu daga wurin biki. In zare ya ƙare waƙa ba ta ƙare ba, nan za ta yanke, kuma haka mai kaset zai haddace ta har abada. Saboda haka kowane kaset a adakar Baba zaɓinsa ne, shi ya tsara wace za ta bi wace, kuma ya rubuta sunayensu da ajami a jikin takardar. A ɗaya daga ciki ya haɗa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, waƙar Sardauna a fuska ɗaya, waƙar Shago a ɗaya fuskar. Ba makaɗin da zai yi wannan haɗi, amma ga Baba dukansu maganar mazantaka suke yi.

Gwaninsa dai Mamman Shata ne. Gari ɗaya muke zaune da Shata, amma a kaset na san shi. Abin da ya fara kama kunnena shi ne yadda kalangai suke tafiya a bayansa kamar dawakin zage, ba sa wuce shi, ba sa barinsa, da yadda 'yan amshi suke riƙe da gajeren gindi guda suna maimaitawa, shi kuwa yana yawo inda ya ga dama ya dawo ya tarar da su. Baba yakan ce Shata ba ya ɗinki da awo, yanka kawai yake yi, rigar kuma ta zauna.

Wata rana a 1979, ina ɗan shekara tara, Baba yana jin Bakandamiyar Shata sai wani mai ɗinki ya kira shi waje. Ya tsayar da kaset ɗin ya fita. Ni kuwa waƙar ta riga ta shige ni, na ƙagu ta ci gaba, sai na miƙa hannu na danna maɓalli biyu tare, kamar yadda na taɓa ganin kawuna ya yi. Ɗaya daga cikinsu ja ne. Ba a ɓalle 'yan haƙoran da ke hana ɗauka a saman kaset ɗin ba, don haka rikoda ta shiga shafe Shata tana ɗaukar shagonmu. Abin da ya hau kan zaren sakan 14 ne: ƙarar keken wani yaron shago, muryar mai tallar fura daga nesa, takun Baba yana dawowa, sai muryarsa, "Kai! Me ka danna? Ɗauke hannunka, don Allah, ka ɓata mini Shata!" Daga nan sai ƙas, sai kalangu ya dawo kamar ba abin da ya faru. Na sha ranƙwashi a ranar. Baba bai sake kwafo wani ba, ya ci gaba da jin abinsa haka nan, kuma duk lokacin da aka zo wurin sai yaran shago su dube ni su yi dariya.

Cikin gida

Rikodar takan kwana a gida, kuma ranar Juma'a da Baba ba ya buɗe shago da safe, takan faɗa hannun Inna da goggonnina. Suna da nasu kaset guda biyu da suke ajiyewa a cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Na Barmani Choge ne, ita ma 'yar garinmu. A nan na fara jin kiɗan amada, ƙwarya a kife a kan ruwa ana dukanta, da muryar mace tana faɗin abin da ban taɓa jin mace ta faɗa da ƙarfi ba: kishiya, haihuwa, rowar miji, da wajabcin mace ta kama sana'a ta riƙe kuɗinta. In aka zo wani ɗan waƙar sai Goggo ta kore ni, ta ce in je in ga ko akuya ta shiga rumbu. Ba mu da rumbu. Na daɗe kafin in gane cewa dariyar da suke yi a bayana tana cikin waƙar, domin amada ba ta cika sai da matan da ake yi dominsu. Lokacin da Barmani ta rasu a 2013 na kira Inna a waya na yi mata ta'aziyya, ta karɓa kamar ta 'yar uwa.

Makaɗi ɗaya ne ya ratsa katangar da ke tsakanin shago da cikin gida, shi ne Ɗanmaraya Jos. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da tawagar makaɗa, daga shi sai kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Wataƙila wannan kaɗaicin ne ya sa kowa yake jin kamar da shi yake magana. Ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da waƙa ta sarakuna da attajirai ce, kuma ya kan kwaikwayi muryar miji da ta mata a cikin rikicin aure har sai Inna ta ce, "Wannan mutum a bayan ɗakin wa ya laɓe?" In za a tambaye ni waƙar da ta fara koya mini cewa talaka ma abin waƙa ne, ita ce ta karen mota. Yaran shagon Baba, waɗanda su ma a ƙarƙashin wani suke, sukan yi shiru in an saka ta.

Shekarun ƙuruciya

A 1982 na tafi makarantar kwana, a can kuma na koyi jin kunyar kalangu. Ɗaliban da suka zo daga Kaduna da Legas suna da kasusuwa masu hoto a jiki, da sunayen waƙoƙi a jere da bugun inji. A hannunsu na fara ganin abin da ake kira albam, wato kundin da mawaƙi ya tsara da kansa, ya raɗa masa suna, ya ce ga ta farko ga ta ƙarshe. Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a 1982 da waƙoƙi tara, ya zagaye ɗakin kwananmu har zarensa ya tsinke, muka liƙa shi da jan farce. Bayansa sai Legend na Bob Marley. Na ƙaunaci wannan kaset ƙwarai, kuma har yau ina jin sa. Sai daga baya na san cewa a 1984 aka fitar da shi, shekara uku bayan rasuwar Marley, wasu ne suka tsinto waƙoƙin suka jera. Ashe kundin da nake yi wa kallon cikar wayewa, da shi da kasusuwan Baba duk hanya ɗaya aka bi aka haɗa su.

Ga kuma waƙoƙin Indiya. Ba mu jin ko kalma ɗaya, amma mun haddace muryar Lata Mangeshkar da ta Muhammad Rafi, muna rera su da kalmomin da muka ƙaga. Akwai kuma Sayyid Khalifa na Sudan, wanda manyan yayyenmu suke ji su yi ta kaɗa kai. Duk waɗannan sun ba mu wani abu da kiɗan gida bai cika ba mu ba a lokacin, wato waƙar da saurayi zai ji ya tuna wata yarinya ba tare da an ambaci sarki ko mai kuɗi ba. Haruna Uje da gurminsa ya yi waƙoƙin soyayya, amma mu a lokacin mun ɗauke shi na direbobi ne.

Da na zo hutu na saka wa Baba kaset ɗin Marley a shago, ina jiran yabo. Ya saurara har waƙa guda ta ƙare, bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba, sannan ya ce, "Me yake cewa?" Na yi ta kame-kame, domin Ingilishin Jamaika ya fi ƙarfina. Ya ce, "To, ka dai bincika. Kada a je zagin ubanka yake yi kana rawa." Yaran shago suka yi ta dariya. Na ji haushi a ranar, amma tambayar ta zauna mini. Kunnen Baba magana yake nema a cikin waƙa, kiɗa kuwa abin hawanta ne. Ban san cewa wannan tambaya tasa ita ce za ta zama sana'ata ba.

Waƙa a kan takarda

Na shiga jami'a a farkon shekarun 1990 na karanta Hausa. A lokacin Jami'ar Ahmadu Bello ta riga ta ba Shata digirin girmamawa tun 1988, kuma malamanmu suna ambaton kundin digirin Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 a kansa da alfahari. Littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya fito a 1993, ya ba mu ma'aunin da za mu riƙe. A karon farko na ga abin da na baro a shagon tela yana da daraja a zauren ilimi, na kuma koma wa kalangu da tuba.

A nan na haɗu da Ibrahim Narambaɗa, kuma a takarda na fara haɗuwa da shi. An raba mana matanin Bakandamiyarsa, muka feɗe shi ɗa bayan ɗa, muka fitar da kirari da habaici da siffantawa, na ci jarrabawa da maki mai kyau. Sai bayan wata shida wani abokina Basakkwace ya saka mini kaset ɗin a ɗakinsa. Ɗaukar tsohuwa ce, tana shuu kamar ana ruwa, amma da kotso ya tashi, 'yan amshi suka karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora suka ƙarasa masa, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na gane cewa abin da na ci jarrabawa a kansa inuwar waƙar ce. Tun daga ranar Narambaɗa ya shiga jerin gwanayena, kuma bai fita ba.

Da lokacin rubuta kundin digiri ya zo, na zaɓi Bakandamiyar Shata, na aro kaset ɗin Baba. Na kwana uku ina juya shi da biro don kada batir ya ƙare, ina rubuta ɗiyan waƙar ɗaya bayan ɗaya. Da na iso wurin sakan 14 ɗin nan sai na sa ɗige-ɗige, na rubuta a gefe cewa a nan kaset ya lalace. Malamin da ke duba aikina, Allah ya saka masa, ya ce in nemo wani kwafi in cike gurbin. Na je Kano, na bi masu kaset a Ƙofar Wambai, na samo kwafi uku. Ko ɗaya bai yi daidai da na Baba ba. Gindin ɗaya ne, amma jerin ɗiyan ya bambanta, wasu mutanen da aka ambata a nan babu su a can, domin Shata bai taɓa rera ta sau biyu iri ɗaya ba. Kowane kaset zama ne guda, a gaban wasu mutane, a wani dare. Abin da na shafe a 1979 ya tafi ke nan. Na miƙa kundina da ɗige-ɗigensa, ina jin haushin yaron da ya danna jan maɓalli.

Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. Baba ya rufe shago a ranar, abin da ban taɓa ganin ya yi don wani wanda ba dangi ba. Shekara biyu bayan haka shi ma ya bi shi. Ba mu da bidiyonsa, hotunansa ma uku ne. Bayan an share makoki na saka kaset ɗin nan ni kaɗai, ban ma tuna da gurbin ba, ina bin Shata a hankali, sai kawai ƙarar keke, sai mai fura, sai ga Baba yana yi mini faɗa. A duk duniya nan ne kaɗai muryarsa ta rage. Wurin da na rubuta wa "ya lalace" a kundin digirina shi ne abin da ya fi komai daraja a cikin gadona.

Zamanin fiyano

A ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa suka kawo wani sabon sauti, kuma fim ɗin Sangaya ya sa shi ya game ƙasa. Fiyano ce ke yin aikin makaɗa duka, namiji da mace suna musayar baiti. Na tsane shi tun daga ji na farko. Na taɓa gabatar da takarda a wani taro inda na kira shi kwaikwayon Indiya marar asali, aka tafa mini. Ban gaya wa masu tafin cewa ni ma na yi shekara biyar ina rera waƙar Indiya a makarantar kwana ba, kuma waɗanda nake suka ƙannena ne da suka ji abin da na ji, suka mayar da shi harshen da Baba zai iya tambayar me ake cewa a ba shi amsa.

Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, shi ya sauko da ni daga kan wannan doki. Na fara jin waƙarsa ta Jami'a a cikin motar haya, ɗalibai a kujerar baya suna bin ta baki da baki. Da na nutsu sai na ji baitoci masu tsari da amsa-amo, irin na rubutacciyar waƙa, an ɗora su a kan fiyano. Mutumin marubucin littattafai ne kafin ya shahara da waƙa, kuma alƙalamin yana fitowa a cikin muryarsa. Wannan ya tilasta mini sake duban rabon da muke yi tsakanin waƙar baka da rubutacciya, domin ga waƙa an rubuta ta, an rera ta da kiɗa, an adana ta a sitidiyo cikin siga guda da ba ta sauyawa. Ta wannan fuska mawaƙan fiyano sun fi kusa da Aƙilu Aliyu a kan Shata.

A zamanin faifan CD ne kuma Bahaushe ya sami albam irin wanda na gani a makarantar kwana. Matata takan sayi na Nura M. Inuwa duk lokacin da ya fito, da hotonsa da sunansa da jerin waƙoƙinsa, mu ji shi a mota daga farko zuwa ƙarshe a hanyar Funtuwa. Ban taɓa furtawa a gaban abokan aiki ba, amma akwai waƙoƙinsa da na haddace. Zamanin bai daɗe ba. Da memori da wayar hannu suka zo, sai aka koma wurin masu tura waƙa a bakin titi, mutum ya lissafa abin da yake so a zuba masa. Mai ɗaukar kaset na kasuwar Funtuwa ya dawo da sabuwar riga.

Kunnen 'yata

A 2020, lokacin kullen annobar korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika wayoyi, mata suna rawa a gaban mazajensu ana ɗauka ana yaɗawa, malamai suna faɗa. Ni ban ji ta a gidana ba sai da ta kwana biyu da fitowa, alhali 'yata ta riga ta haddace ta. A nan na lura da wani abu da ya dame ni fiye da rawar. Na san duk waƙar da Baba yake so, domin ba shi da hanyar jin ta shi kaɗai; in ya ji, duk layin ya ji. 'Yata kuwa tana zaune kusa da ni da 'yar igiya a kunne, ban san ko Ado Gwanja take ji ko karatun Alƙur'ani ba. In na mutu ta san abin da zan bari a adaka. Ni ban san abin da ke cikin tata ba.

Wannan ne ya sa na yanke shawarar in mayar da kaset ɗin Baba cikin waya, in ba ta. Na kai wa wani matashi mai shagon kwamfuta, na ce ya kula da shi. Bayan kwana biyu na koma, ya miƙo mini da fara'a ya ce, "Malam, na gyara maka shi tas. Akwai wani wuri da wani mutum ya yi surutu a ciki, na yanke shi na haɗe, ba za ka ma gane ba." Gabana ya faɗi. Na ce ina kaset ɗin? Ya ɗauko shi daga aljihun tebur, lafiyarsa ƙalau, a kwamfuta kawai ya yi yankan. Na zauna a kan benci har numfashina ya dawo, sannan na roƙe shi ya sake ɗauka, kada ya taɓa komai. Ya yi, yana mamaki. Ban ga laifinsa ba. Abin da ya yi da kwamfuta shi na yi da ɗige-ɗige shekara 25 kafinsa, kuma ni har digiri aka ba ni.

Abin da nake roƙo

Mun yi aiki mai yawa a kan makaɗa da matani. Mun san garuruwansu da iyayen gidansu, mun taskace ɗiyan waƙoƙinsu a diwani, kuma wannan aiki ne da ba za a raina ba. Wanda bai sami gurbi sosai a nazarinmu ba shi ne mai sauraro: tela da direba da matar kulle, da na'urar da suka ji waƙar da ita, da wanda suka kora daga ɗaki kafin a zo wani ɗa, da dalilin da ya sa suka jera wannan bayan waccan. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai adaka irin ta Baba, masu su suna ƙarewa, magada kuma suna zubar da su don ba su da abin saka su. A ciki akwai zaman waƙa da babu shi a ko'ina, akwai kuma rubutun hannu da ke nuna yadda mutum ɗaya ya tsara duniyarsa. Ina ganin ya dace mu riƙa tura ɗalibanmu su nemo irin waɗannan, su ɗauke su yadda suka same su, da shuu ɗinsu da yankewarsu da surutun da ya hau kai, su kuma zauna da mai adakar in yana raye su tambaye shi inda ya fara jin kowace.

Ga ɗalibata kuwa, in wannan ya iso gare ta, ga amsarki. Ina son Ɗanmaraya saboda yaran shago, da Barmani saboda Inna, da Marley saboda yaron da nake a 1985. Ina son Narambaɗa don shi kansa, da Ala don ya karya mini girman kai. Amma wadda na fi so ita ce Bakandamiyar Shata, kwafin Funtuwa, mai gurbi a tsakiya.

Na tura wa 'yata ita a waya ban yi mata bayani ba. Da daddare ta shigo falo da igiyar a hannu ta ce, "Abba, wane ne wannan mai faɗa a cikin waƙar?" Na ce kakanki ne. Ta ce, "Da wa yake?" Na ce da ni. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta cire igiyar daga jikin wayar, ta ƙara sauti, ta mayar da shi baya muka sake ji tare.